Darasi na Tara: Abubuwan Lura Kafin Sayen Bishiyar Bonsai

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana mene ne bonsai da inda wannan fasaha ta samo asali;
2. auna ko yanayin garinsa da tsarin rayuwarsa za su ɗauki renon bonsai;
3. duba lafiyar bishiya da ƙirarta da kaskonta a gaban mai sayarwa;
4. gane hanyoyin da ake cutar masu saye, ya kauce musu.

Gabatarwa

A wasu shagunan furanni na manyan birane, da kuma a intanet, akan ga 'yar ƙaramar bishiya a cikin kasko mara zurfi. Tsawonta bai fi taƙi biyu ba, amma gindinta da ɓawonta da yadda rassanta suka baje duk na tsohuwar bishiya ne. Ita ce ake kira bonsai. Kyanta yakan sa mutum ya zaro kuɗi nan take, ya kai ta gida ya ɗora a kan tebur. Bayan wata biyu ko uku sai ganye ya fara zuba, rassa su bushe, kuɗi ya tafi a banza.

Sau da yawa kuskuren da ya kashe bishiyar tun ranar saye aka yi shi. Ko dai jinsin bai dace da yanayin garin ba, ko an sayo ta da ciwo a saiwa, ko kuma mai ita ba shi da lokacin da take bukata. Bishiyar da ke fili tana tura saiwarta ta nemo ruwa da abinci da kanta. Wadda ke cikin kasko kuwa ba ta da kowa sai mai ita. Saboda haka sayen bonsai ɗaukar amana ne, kuma mai hankali yakan auna kansa kafin ya karɓi amana.

Mene ne bonsai?

Bonsai bishiya ce irin wadda kowa ya sani, sai dai an rene ta a cikin ƙaramin kasko, ana datse saiwarta da rassanta a kai a kai, ana tsinke sabon toho, ana lanƙwasa rassa da waya har su zauna yadda ake so. Babu wani jinsi na musamman da Allah ya halitta a matsayin bonsai. Da za a cire ta daga kasko a dasa a gona a ƙyale ta, za ta koma girma kamar 'yan uwanta. Da daɗewar reno ganyenta yakan ƙanƙance, amma fure da 'ya'ya sukan fito kusan da girmansu na asali.

Fasahar ta fara ne a ƙasar Sin, inda ake kiranta penjing. A kabarin wani yarima mai suna Zhang Huai na daular Tang akwai zanen bango na shekarar 706 da ke nuna hadimai ɗauke da faranti mai ɗan lambu a ciki. Daga Sin ta ƙetara Japan, kuma wani naɗaɗɗen zane na Japan na shekarar 1309 ya nuna bishiyoyi a kasko a harabar gida. Japanawa ne suka tace fasahar, suka sanya mata ƙa'idojin da duniya take bi a yau. Bayan girgizar ƙasar da ta ragargaza Tokiyo a 1923, masu renon bonsai na birnin suka ƙaura zuwa Omiya don neman fili da ruwa mai kyau, suka kafa ƙauyen bonsai a 1925. Har yanzu ƙauyen yana nan, kuma a 2010 an buɗe gidan adana bonsai a kusa da shi. Babban bajekolin bonsai na Japan, wato Kokufu, an fara shi a Tokiyo a 1934.

Akwai bishiya ɗaya da ya kamata duk mai niyyar saye ya san labarinta. An fara renonta a 1625, ta kuma daɗe a hannun iyalin Yamaki na birnin Hiroshima. Lokacin da aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945 tana gidansu, kimanin kilomita 3 daga inda bam ɗin ya fashe, kuma ta tsira. A 1976 Masaru Yamaki ya ba da ita cikin kyautar bishiyoyi 53 da Japan ta yi wa Amurka, tana nan a gidan adana bonsai na birnin Washinton. Kimanin shekara 400 ke nan ana ba ta ruwa, daga kaka zuwa uba zuwa jika, ba a taɓa barin ta ta bushe ba. Wannan jajircewa ita ce tushen bonsai. Almakashi da waya daga baya suke zuwa.

Ku fara da auna kanku

Kafin ku je shago, ku zauna ku amsa wa kanku tambayoyi huɗu da gaskiya.

Ta farko, lokaci. Ƙasar da ke cikin kaskon bonsai ba ta da yawa, wani lokaci ba ta fi cikin kwano ɗaya ba, don haka da wuri take bushewa. Dole a duba ta kowace rana: a tura yatsa kamar santimita 1 cikin ƙasar, in an ji ta fara bushewa a zuba ruwa har sai ya fito ta hujin ƙasan kasko. Da bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, ban ruwa sau biyu a rana ba abin mamaki ba ne. Da hunturu ma busasshiyar iska tana zuƙe danshi ko da ana jin sanyi.

Ta biyu, tafiye-tafiye. In sana'arku ta fatauci ce, ko kukan tafi gida hutun Sallah, ko kuna shirin aikin Hajji, wa zai tsaya wa bishiyar? Kwana biyu ko uku babu ruwa a tsakiyar bazara sun isa su kashe aikin shekara goma. In babu wanda za ku bar wa amana, ku nemi jinsin da ke ajiye ruwa a jikinsa, ko ku dakata.

Ta uku, wuri. Yawancin bishiyoyi suna son hasken rana na sa'o'i da yawa kowace rana. A ƙasa mai zafi abin da ya fi shi ne ranar safe da inuwar yamma. Kada a ajiye kasko a kan daɓen siminti da rana take dukansa, domin zafin yakan dafa saiwa. A ɗora shi a kan benci ko teburin katako, wanda kuma zai nesanta shi da gara. Ku tuna da awaki da kaji da ƙananan yara: akuya ɗaya tana iya cinye ganyen bonsai kaf kafin a ankara.

Ta huɗu, ruwa. Ruwan wasu rijiyoyi da na burtsatse yana da gishiri ko kanwa. In aka daɗe ana zuba shi, za a ga farin abu yana taruwa a bakin kasko, gefen ganye yana ƙonewa. Ruwan sama da aka tara ya fi kowanne.

Jinsin bishiya da yanayin gari

Nan ne aka fi yin asara, don haka za mu daɗe a kansa.

Hotunan bonsai da suka fi ɗaukar ido na bishiyoyin Japan ne: matsu mai ganye kamar allura, da momiji mai ganye kamar tafin hannu wanda yake rikiɗa ja kafin ya zube. Waɗannan 'yan ƙasar sanyi ne. Yawancinsu sai sun yi makonni da yawa cikin sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10, su yi barci, sannan su farka da ƙarfin yin sabon toho. Sanyin hunturunmu na dare ne da asuba, da rana ta ɗaga zafi ya dawo, bai isa ya sa su barci ba. Momijin da aka kawo Kano zai iya yin shekara ɗaya ko biyu yana fama, ƙarfinsa yana raguwa, daga nan ya mutu, ko da mai shi bai yi sakaci ko na kwana ɗaya ba. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta maye gurbin wannan sanyi, sai ma ta ƙara busar da ganye.

Wanda ke zaune a ƙasa mai zafi ya nemi bishiyar ƙasa mai zafi. Ga waɗanda suka fi dacewa da mai koyo:

Fikus. Dangin cediya da ɓaure da durumi ne, kuma yana cikin bonsai da aka fi sayarwa a shaguna. Yana jure datsa, yana saurin toho, yana yafe wa mai shi ƙananan kurakurai. Cediyarmu ma tana yin bonsai mai kyau, ga shi reshenta kawai ake yanka a dasa ya kama.

Tsamiya. Ganyenta ƙanana ne tun asali, ɓawonta yana saurin nuna tsufa, ba ta tsoron rana. Masu bonsai a Indiya da Tailan da Filifin suna renonta sosai.

Kuka. Tana ajiye ruwa a jikinta, kuma masu bonsai na Afirka ta Kudu sun yi suna wajen renonta. Abin lura shi ne takan zubar da ganye da rani. In ta zubar a rage mata ruwa ƙwarai, in ba haka ba saiwarta ta ruɓe.

Kariya. Ita ce mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, wadda take fitowa a dazuzzukanmu. Tana jure fari, amma ruwan jikinta dafi ne. Gidan da yake da yara ƙanana ko dabbobi sai an yi hattara da ita.

Boganbiliya, mai furen nan kamar takarda da ake dasawa a jikin katanga, da rumman, da wani ɗan tsiro mai kaurin ganye daga Afirka ta Kudu da masana suke kira Portulacaria afra, duk suna son rana kuma suna karɓar datsa.

Sai batun ajiyewa a cikin ɗaki. Mai sayarwa zai iya ce muku wannan bonsai na falo ne. Ku sani babu bishiyar da asalinta na ɗaki ne. Akwai dai waɗanda suke iya jure ƙarancin haske, kamar fikus, in an ajiye su dab da taga mai haske sosai. Junifa kuwa, mai ɗan ganye kamar ƙaya wadda ake yawan sayarwa a matsayin ta ɗaki, ta waje ce, a ɗaki mutuwa take yi. Japanawa da kansu a waje suke renon bishiyoyinsu. Sukan shigo da ɗaya ɗaki na 'yan kwanaki saboda baƙo ko biki, sannan su mayar da ita.

Ƙa'idar ita ce: kada ku sayi bishiyar da ba a faɗa muku sunanta ba. In ba ku san jinsinta ba, ba za ku san ruwan da take so ba, balle rana ko lokacin datsa.

Duba lafiyar bishiya

Wanda ya je kara sayen rago ba ya tsayawa a kan ƙaho. Yakan buɗe baki ya ga haƙori, ya shafa baya, ya sa a tayar da shi ya ga tafiyarsa. Haka za ku yi wa bonsai, daga sama har ƙasa.

Ganye. Ya kasance kore shar, da sabon toho a bakin rassa. Ku juya ganyen ku duba bayansa, nan ƙwari suke ɓuya. Farin abu kamar auduga a hammatar reshe, ko 'yan ƙuraje masu ruwan ƙasa manne a jikin reshe, ko danƙo a kan ganye, ko siririyar yana kamar ta gizo-gizo, duk alamun ƙwarin da ke tsotsar ruwan bishiya ne. In kuka kai su gida za su yaɗu zuwa sauran shukokinku.

Rassa. Reshe mai rai yana lanƙwasuwa, matacce yana karyewa ƙas. In kuna shakka ku nemi izinin mai kaya ku ɗan kankare ɓawon wani ƙaramin reshe da farce. In kun ga kore a ƙarƙashi akwai rai, in ruwan ƙasa ne a bushe reshen ya mutu. Wannan gwaji ya fi muhimmanci ga junifa da matsu, domin ganyensu yakan zauna kore na makonni bayan bishiyar ta riga ta mutu.

Gindi. Ku kama gindin a hankali ku ɗan girgiza. Bishiyar da saiwarta ta kama ƙasa, ita da kaskon tare za su motsa. In ta yi lako-lako, ko dai ba a daɗe da cusa ta cikin kaskon ba, ko saiwar ta ruɓe. Ku danna gindin da yatsa, kada ku ji taushi. Ku duba ko akwai ƙananan ramuka da garin katako a ƙasa, alamar tsutsa tana cin itacen daga ciki.

Ƙasa. Ku sunsuna. Ƙasa mai lafiya tana ƙanshin ƙasa, mai wari kuwa ruwa ya kwanta a ciki saiwa tana ruɓewa.

Duba ƙira

Bayan lafiya sai kyau. Masana bonsai daga ƙasa suke fara kallo, domin abin da ke ƙasa shi ya fi wuyar gyara.

Na farko, saiwar da ta bayyana a saman ƙasa, wadda Japanawa suke kira nebari. Ana so ta bazu ta kowane ɓangare, ta nuna bishiyar ta riƙe ƙasa da ƙarfi. Na biyu, jikin bishiyar: ya yi kauri a gindi, ya riƙa sirancewa har zuwa ƙoli. Wanda kaurinsa ɗaya ne daga ƙasa har sama, ko wanda ya fi kumbura a tsakiya, gyaransa yana cin shekaru, wani lokaci ma ba ya gyaruwa. Na uku, rassa: na ƙasa su fi kauri, na sama su fi sirantaka, su fito bi da bi ta dama da hagu da baya. Rassa su ne mafi sauƙin gyara, don bishiya tana fitar da sababbi. Saboda haka in za ku zaɓa tsakanin mai kyan gindi da mai yawan ganye, ku ɗauki mai kyan gindi.

Ku lura da tabo. Wayar alminiyom ko ta jan ƙarfe da ake naɗa wa reshe, in aka bar ta ta daɗe, takan nutse cikin ɓawo ta bar zane mai murɗe wanda yake daɗewa bai ɓace ba. Haka ma babban yanka da aka yi wa jikin bishiya ta gaba. Akwai kuma fikus mai kumburarriyar saiwa kamar rogo da ake yawan kawowa daga Sin: yawanci aure aka yi masa, aka ɗora rassan mai ƙananan ganye a kan gindin wani. Ba laifi ba ne, yana da sauƙin reno, amma ku duba wurin auren ya haɗe sosai, kuma kada a karɓi kuɗin tsohuwar bishiya a kansa.

Girma ma abin dubawa ne. 'Yan mitsi-mitsin da ba su kai santimita 20 ba suna da ban sha'awa, kuma sun fi araha, amma kaskonsu yakan bushe cikin 'yan sa'o'i. Mai koyo ya fi samun sauƙi da matsakaiciya, mai tsawon santimita 30 zuwa 45. Tana da ƙasar da za ta riƙe danshi, kuma mutum ɗaya yana iya ɗaukarta ya kai inuwa.

Kasko da ƙasa

Ku ɗaga kaskon ku leƙa ƙarƙashinsa. Dole a sami huji, babba, ɗaya ko fiye. Kaskon da ba shi da huji ba na bonsai ba ne, komai kyansa. A bisa al'ada tsawon kasko yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na tsayin bishiya, zurfinsa kuma ya yi daidai da kaurin gindinta. A ƙasa mai zafi babu laifi a ƙara zurfin kaɗan. Kaskon garin Tokoname na Japan da na Yixing na Sin sun yi suna kuma suna da tsada, amma bishiya ba ta san sunan gari ba: kaskon yumɓu da maginin tukwane ya gasa sosai ya huda masa ƙasa zai yi aikin.

Saiwa tana numfashi, don haka ƙasar bonsai tsaki-tsaki ce, ruwa yana ratsa ta ya wuce, iska ta biyo baya. A Japan suna amfani da wani yumɓu mai ƙwaya-ƙwaya da ake kira akadama, su gauraya shi da tsakuwar dutse mai aman wuta. Inda babu akadama ana farfasa gasasshen jan bulo, a tankaɗe a zubar da garin, a haɗa da tsakuwar rafi da ɗan gawayi da ruɓaɓɓen taki kaɗan. Ku roƙi mai sayarwa ya zuba ruwa a gabanku. In ya shige nan da nan ya fito ta ƙasa, madalla. In ya kwanta a sama, ƙasar laka ce ko ta dunƙule. Wasu kamfanoni sukan manne tsakuwa da gam a saman ƙasa don kada ta zube a mota. Wannan yana hana ruwa shiga, yana kuma hana ku ganin abin da ke ƙasa. In kun sayi irin wannan, ku ɓamɓare tsakuwar da zarar kun isa gida.

Kuɗi, shekaru da yaudara

Abin da ake saye a bonsai shekarun aikin wani ne. Shi ya sa bishiyoyi biyu masu tsayi ɗaya za su iya bambanta a farashi nesa ba kusa ba. Mai koyo ba ya bukatar mai tsada. Bishiyar farko ta koyon ban ruwa ce da datsa, kuma za a yi kuskure a kanta, don haka ku sayi wadda asararta ba za ta girgiza gida ba. Hanya mafi araha ma ita ce a sayi dashe mai kaurin gindi a wurin masu renon itatuwa, ko a dasa reshen cediya, a fara ba shi siffa da hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda ya tanƙwara da kansa ya fi sanin bishiyarsa.

Ku sa kuɗin hidima cikin lissafi: almakashi mai kaifi, waya, taki, maganin ƙwari, da sabuwar ƙasa. Ƙaramar bishiya tana bukatar a cire ta a rage saiwa a sauya ƙasa duk shekara 1 zuwa 2, tsohuwa kuma duk shekara 3 zuwa 5.

Game da shekaru, ba a iya ƙidaya shekarun bishiya mai rai da ido. Fikus da aka rena a fili a ƙasa mai zafi yakan yi kaurin gindi cikin 'yan shekaru. In an ce muku bishiya ta shekara 50, ku tambayi wanda ya rene ta da inda aka rene ta. In babu amsa, ku yi ciniki a kan abin da idonku ya gani.

A intanet kuma ana tallar wai irin bonsai, da hotunan bishiya mai ganye shuɗi ko mai launi bakwai. Hotunan haɗi ne na kwamfuta. Mun riga mun ga cewa bonsai ba jinsi ba ne, saboda haka babu irinsa. Abin da za a aiko muku irin bishiya ne kawai, in ma an aiko na gaskiya, kuma daga iri zuwa bonsai aikin shekaru ne masu yawa. In dole sai ta intanet za ku saya, ku nemi hoton ainihin bishiyar da za a kawo muku, gaba da baya da gindi.

Mai sayarwa na ƙwarai ana gane shi da amsarsa. Ku tambaye shi: "Malam, mene ne sunan wannan bishiya? Tun yaushe take hannunka? A rana kake ajiye ta ko a inuwa? Sau nawa kake ba ta ruwa? Yaushe aka sauya mata ƙasa?" Wanda ya rene ta da hannunsa zai amsa har ya ƙara muku da abin da ba ku tambaya ba. Bishiyar da ta yi shekara guda a garinku, ta ga bazara da damina da hunturu, ta fi wadda aka sauke daga jirgi makon jiya.

Shigowa da ita daga waje, da haƙowa daga daji

Ƙasashe suna da dokoki a kan shigo da tsiro mai rai, musamman in yana tare da ƙasa, domin cuta da ƙwari suna bin sa. Wani ƙwaro mai dogon ƙaho ɗan asalin gabashin Asiya, wanda tsutsarsa take huda itace, ya shiga Turai ta cikin bishiyoyin ado da bonsai da aka shigo da su. An gano shi a arewacin Italiya a shekarar 2000, kuma sai da aka sare dubban bishiyoyi don a tare shi. A Nijeriya hukumar NAQS ce take kula da shigo da tsirrai, ana bukatar izininta da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito. Wanda ya saka bishiya cikin jaka ba takarda yana iya rasa ta a filin jirgi, yana kuma iya jawo wa manoma annoba.

Haƙo tsohuwar bishiya daga daji ma abin gudu ne. A farkon ƙarni na 20 masu neman junifa sun kusa ƙarar da ita daga wasu duwatsun Japan. A yankin da hamada take matsowa, kowace kuka da kowace kariya da ke tsaye tana da aikin yi a inda take, ga shi yawancin waɗanda ake haƙowa ba da ƙwarewa ba mutuwa suke yi. Ku shuka iri, ko ku dasa reshe.

Makonnin farko a gida

In kun kawo ta, ku ajiye ta a wuri mai haske da ba ya samun ranar tsaka, nesa da sauran shukoki, na mako biyu ko uku. Kada ku sauya kasko, kada ku datse, kada ku zuba taki. Fikus yakan zubar da wasu ganyaye in an sauya masa wuri. Wannan ba dalilin ƙara ruwa ba ne, ku ci gaba da gwajin yatsa. Ranar da kuka ga sabon toho, bishiyar ta karɓi gidan, daga nan sai a fara matsar da ita zuwa rana sannu a hankali.

Taƙaitawa

Tsarin dubawa shi ne: mai saye da lokacinsa, sai yanayin gari, sai jinsin bishiya, sai lafiyarta, sai ƙirarta, sai kasko da ƙasa, farashi ya zo a ƙarshe. Wanda ya bi wannan tsari ya ga bai shirya ba, ya fasa saye, shi ma ya amfana da darasin, domin ya tsare kuɗinsa kuma ya bar bishiyar ga wanda zai iya riƙe ta.

Sababbin kalmomi

Bonsai: bishiyar da aka rena a ƙaramin kasko aka ba ta siffar babba.
Penjing: fasahar ƙasar Sin wadda bonsai ya samo asali daga gare ta.
Nebari: saiwar da ta bazu a saman ƙasa kewaye da gindi.
Akadama: yumɓun Japan mai ƙwaya-ƙwaya da ake zubawa a kasko.

Tambayoyi

1. Ta waɗanne hanyoyi ake hana bishiyar bonsai girma?
2. Me ya sa momiji ba ya daɗewa a gari mai zafi ko da ana kula da shi?
3. Kawo bishiyoyi uku na ƙasarmu da ake iya yin bonsai da su, da abin lura game da kowacce.
4. Yaya ake gane reshe mai rai da matacce?
5. Me ya sa gindi ya fi rassa muhimmanci wajen zaɓe?
6. Mece ce amsarku ga wanda ya ce zai sayar muku da irin bonsai?

Aikin rukuni

Wata ma'aikaciyar jinya tana aikin dare mako bayan mako, tana zaune a bene mai baranda da ke kallon gabas. Wani ɗan kasuwa kuma yana da faffaɗan tsakar gida da awaki uku, yana tafiya fatauci ta kwana goma kowane wata. Ku tattauna: wace bishiya ta dace da kowannensu, a ina zai ajiye ta, kuma wa ya kamata ya dakata tukuna? Ku kawo hujja daga darasin.

Aikin gida

Ku ziyarci mai sayar da dashe mafi kusa da ku. Ku zaɓi bishiya ɗaya a tukunya, ku duba ganyenta da rassanta da gindinta da ƙasarta kamar yadda aka koya, ku yi wa mai ita tambayoyin nan biyar. Ku rubuta abin da kuka gani da abin da ya faɗa a shafi ɗaya, ku kawo aji mako mai zuwa.